Yadda za ka bi sawun masarautar Geshur ba tare da ka ɓace a hanya ba

Wanga bayani na wanda ke son ya binciko labarin Geshur da kanshi ne, ko ɗan lise ne da mushe ya ɗora mishi ekispoze bisa tsoffin ƙasashen Sham, ko mai koyarwa a makarantar Lahadi, ko irin mutanenmu na fada da in gardamar tarihi ta kaure sai shayi ya huce ba a sha ba. Geshur ƙaramar masarauta ce da ta yi zamani wajen shekara 1000 kafin Miladiyya, gabas da Tekun Galili, a yankin da yau ake ce ma Tuddan Golan. Ba ta bar muna littafi ba, ba ta bar kirari ba, sarkinta guda kawai labari ya riƙe, Talmai ɗan Ammihud, kuma duk abin da ya iso gare mu ko dai maƙwabtanta Banu Isra'ila ne sunka rubuta, ko masu tonon ƙasa ne sunka fiddo. Wanda bai san haka ba tun farko, zai kwaso hasashen wani farfesa ya zo yana rantsuwa a kai kamar a gabanshi anka yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Kaye guda sabo, bik kala uku, waya mai ɗan forfe, sai Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, sashen Tsohon Alkawari, akwai shi da Hausa a intanet kyauta in ba ka da wanda zai ara maka. Bik ukun nan su ne duka dabarar. Shuɗi na abin da nassi ya faɗa da bakinshi, baƙi na abin da anka tono a ƙasa anka gani da ido, ja kuma na hasashen masana. Kada ka yarda wata magana ta shiga kayenka ba ka tambayi kanka kalarta ba. Wajen nema kuma ka lura, Ingilishi Geshur suke rubutawa, amma in Faransanci kake karatu kamar yawancinmu nan Maradi to ka gwada Gueschur ko Gueshour, in ba haka ba Google zai ta kai ka wani wuri daban.

Ga ɗan'uwa musulmi, magana guda kafin mu wuce. Alƙur'ani ya kawo Annabi Dauda (AS) da Ɗalutu da Jalutu a cikin Baƙara, amma bai ambaci Geshur ba, bai ambaci Absalom ba, wanda littafin ke cewa ɗanshi ne kuma jikan sarkin Geshur. Wanga labari na Ahlul Kitabi ne, kuma malamai sun san hadisin da ke cikin Bukhari da ya ce kada a gaskata su kada kuma a ƙaryata su. Don haka duk inda ka zo maganar gidan Annabi Dauda ka riƙa cewa "a cewar littafin Sama'ila", ka bar shi a bakin mai shi. Hakan ya fi maka lafiya, kuma ko a wajen masana tarihi haka ake yi.

Fara da zanen ƙasa

Kada ka buɗe aya ko guda sai ka zana kart da hannunka. Ka buɗe Google Maps ka nemo Tekun Galili, sunanshi teku amma tabki ne na ruwan daɗi, tsawonshi wajen kilomita 21, faɗinshi wajen 13, kuma yana ƙasa da bakin teku da sama da mita 200. In konesiyon ya yi kyau ka ɗauki hoton fuskar wayar ka ajiye don kada ka ta ƙona mega. Sai ka zana tabkin tsakiyar shafi. Ka ja layi daga arewa ya shigo cikinshi ya fita ta kudu, wannan Kogin Urdun ne. Kudu maso gabas ka ja wani layi ya zo ya haɗe da Urdun ƙasa da tabkin kaɗan, wannan Kogin Yarmuk ne, shi ɗin dai da musulmi sunka gwabza da Rumawa a gefenshi a 636. Can sama arewa ka sa Dutsen Harmon. Filin da ke tsakanin gaɓar tabkin ta gabas da Yarmuk, kudancin Golan kenan, nan ne yawancin masana ke ajiye Geshur. Sama da ita wajen gindin Harmon ka rubuta Ma'aka, ƴar'uwar tafiyarta, don kusan duk inda anka ambaci ɗaya a maganar iyaka sai an ambaci ɗayar. Gabas da ita Bashan, arewa maso gabas Dimashƙu. Iyakokin nan duka da jan bik za ka zana su, ba wanda ya tono dutsen iyaka mai sunan Geshur.

Yanzu ka sauko ƙasan shafi, yamma da Urdun, ka sa Urushalima wato Ƙudus, ƙasa da ita Hebron. Daga Hebron zuwa arewacin tabkin a miƙe wajen kilomita 160 ne. Gabas da Urdun, tsakanin Geshur da kudu, ka ɗiga Mahanayim. Ka riƙe wanga ɗigo, zai yi maka aiki nan gaba.

Ƙasar dutse ce, baƙin dutse na aman wuta, amma tana da ruwa da ciyawa da kifin tabki, kuma hanyar fatake daga Dimashƙu zuwa bakin Bahar Rum ta kusa da ita take bi. Ƙarama ce amma ba matsiyaciya ba.

Tattaro ayoyin, ba su da yawa

Daɗin aikin Geshur shi ne ayoyinta ba su cika shafi biyu na kaye ba, zama guda ya isa ka kwafe su duka. Ka fara da Maimaitawar Shari'a 3:14 da Yoshuwa 12:5, can an ambace ta ne a matsayin iyaka kawai, wato ƙasar wane ta kai har iyakar Geshurawa da Ma'akatawa. Sai Yoshuwa 13:13, wagga ita ce uwa, ta ce Isra'ilawa ba su kori Geshurawa da Ma'akatawa ba, suna zaune tsakaninsu "har wa yau". Ka ja layi ƙarƙashin har wa yau ɗin nan, don yana gaya maka marubucin ba a zamanin abin yake ba, yana waiwaye ne daga baya, kuma ya yarda da bakinshi cewa akwai ƙasar da ake ƙirgawa cikin rabo amma ba a ci ta ba. Daga nan sai 2 Sama'ila 3:3, da sura 13 zuwa 15, da 1 Tarihi 2:23 da 3:2.

Akwai rami guda da mutane da yawa ke faɗawa. In ka nemi kalmar a waya za ta fiddo maka Yoshuwa 13:2 da 1 Sama'ila 27:8, inda anka ce Dauda ya kai hari bisa Geshurawa da Amalekawa. Sai mutum ya ce to ai ga shi ya yaƙe su sannan ya auri ɗiyar sarkinsu. A'a. Karanta ayar har ƙarshe, waɗancan can kudu suke, wajen ƙasar Filistiyawa a hanyar Masar, namu kuwa suna arewa. Suna ne ya zo ɗaya. Ka ware musu ɗan lungu a ƙarshen kaye ka rubuta "ba su ba ne".

Kuma tun yanzu ka san da idon wa kake kallo. Ka ɗauka a ce duk tarihin Maradi ya ɓace, babu labarin yadda sarakunan Katsina sunka fito bayan 1807, babu labarin Ɗan Kasawa daga bakin mutanenshi, babu na Gobirawan Tibiri, abin da ya rage kawai takardun malaman Sakkwato. To ba za ka ga Maradi ba sai ranar da ta kai hari, ko ranar da wani ya gudo cikinta neman mafaka, kasuwarta da gonakinta da yadda take naɗa sarki duk babu. Haka Geshur take a littafin Sama'ila, ba ta fitowa sai in ta taɓa gidan sarautar Urushalima.

Auren, nan za ka daɗe

Buɗe 2 Sama'ila 3:2 zuwa 5 ka kwafe sunayen ƴaƴa shida da anka haifa ma Dauda a Hebron tare da iyayensu mata. Amnon ɗan Ahinowam, Kileyab ɗan Abigel, Absalom ɗan Ma'aka ɗiyar Talmai sarkin Geshur, Adonija ɗan Haggit, Shefatiya ɗan Abital, Itireyam ɗan Egla. Yanzu ka sake duba jerin a hankali. Mace guda ce kawai anka ce ubanta sarki ne, Ma'aka. Wannan shuɗin bik ne, nassi ne. (Kada sunan ya rikita ka, Ma'aka sunan ƙasa ne kuma sunan mace ne, har mata da yawa ke da shi a littafin.)

Sai ka tambayi kanka, me ya kai mai mulkin Hebron neman aure har kilomita 160 arewa, kuma me ya sa sarki ya ba da ɗiyarshi ga wanda a lokacin kabila guda kawai ke bin shi? Littafin ya ce shekara 7 da wata 6 Dauda ya yi a Hebron yana mulkin Yahuza kaɗai, sauran kabilun suna hannun Ishboshet ɗan Saul, Saul ɗin shi ne masu tafsiri ke cewa Ɗalutu, kuma Ishboshet da sarkin yaƙinshi Abner a Mahanayim sunka kafa fada. Koma kan kart ɗinka. Hebron a kudu, Geshur a arewa, Mahanayim a tsakiya. Ka gani ko? Masana da yawa na cewa auren nan ƙawance ne na sa gidan Saul a tsakiya, shi Talmai ya samu wanda zai ɗauke hankalin maƙwabcin da ke bakin ƙofarshi, shi kuma Dauda ya samu suruki a bayan abokin hamayya. Ni na gamsu da wanga fassara, tana zama daidai bisa kart, amma dai da ja za ka rubuta ta don babu ayar da ta ce ga dalilin auren. Abin da ba ya buƙatar hasashe shi ne, sarki ba ya ba da ɗiya haka kawai, kuma ƙaramar ƙasa da ba ta da rundunar kirki da ɗiyanta mata take gina ganuwa.

Absalom, ka bi shi da lissafin shekaru

Wanga sashe shi ne mai daɗin ji, kuma shi ne mai ɗauke mutum ya manta Geshur yake nema. Dabarar ita ce ka ja dogon layi a shafi guda ka riƙa sa shekaru. A cewar littafin, Amnon babban ɗa ya ci zarafin Tamar, ƙanwar Absalom ciki ɗaya, ita ma jikar Talmai ce kenan. Absalom ya yi shiru, bai ce ma Amnon uffan ba har shekara 2, sannan ya shirya walimar sausayar tumaki a Ba'al-hazor ya gayyaci ƴaƴan sarki duka, da Amnon ya sha ya yi nauyi sai barorin Absalom sunka kashe shi. Absalom ya gudu, kuma bai yi wani dogon tunani ba, gidan kakanshi na wajen uwa ya nufa. Shekara 3 ya yi a Geshur. Daga nan Yowab sarkin yaƙin Dauda ya ɗauko wata mace mai wayo daga Tekowa ta je gaban sarki da labarin ƙirƙira har zuciyarshi ta yi taushi, Yowab da kanshi ya tafi Geshur ya taho da shi. Ya dawo Urushalima amma shekara 2 bai ga fuskar mahaifinshi ba, ya aika a kira Yowab sau biyu ya ƙi zuwa, sai ya sa anka cinna ma gonar sha'ir ɗin Yowab wuta, nan take Yowab ya bayyana. Mutumin ba ya wasa.

Ka tsaya bisa shekara ukun nan na tsakiya. Mai kisan magajin sarauta yana zaune a ƙasar da kowa ya sani, kuma littafin bai ce an aika runduna ba, bai ce an nemi Talmai ya miƙo shi ba, bai ce Talmai ya ji tsoro ya kore shi ba. Wannan yana nuna maka abu biyu a lokaci guda, Geshur ba lardin Isra'ila ba ce da za a aika dogari ya kamo mutum, kuma ba maƙiyiya ba ce tunda sarkin yaƙin Dauda ya shiga ya fito lafiya da yaron a hannu.

Da ya samu shiga, Absalom ya nemi karusa da dawaki da mutum 50 masu gudu a gabanshi, yana sammako ya tsaya bakin ƙofar gari yana tare masu kawo ƙara yana ce musu maganarku gaskiya ce amma ba mai sauraronku. Wasu na cewa wanga salon sarauta a fadar kakanshi ya gano shi, to ja ne, kada ka ba shi shuɗi. Ranar da zai tayar da tawaye kuma da sunan Geshur ya nemi izini, ya ce ma mahaifinshi ya yi wa'adi tun yana zaune "a Geshur ta Aram" cewa in Allah ya maido shi zai je ya yi ibada, a bar shi ya tafi Hebron ya cika. Wannan 2 Sama'ila 15:8 ce, ka kewaye ta, za mu dawo kanta. A wasu fassarorin za ka tarar da Suriya a wurin Aram, ƙasa ɗaya ake nufi. Ƙarshen tawayen sananne ne, yaƙi a kurmin Ifraimu, kan Absalom ya sarƙe a itace alfadarinshi ya wuce ya bar shi rataye, Yowab ya ƙarasa shi duk da sarki ya ce a yi mishi a hankali.

Koyi karanta inda ba a ambace ta ba

Wanga ne wurin da mai bincike ke bambanta da mai haddar aya. Buɗe 2 Sama'ila sura 10. Hanun sarkin Ammonawa ya wulaƙanta manzannin Dauda da sunka zo mishi ta'aziyya, ya aske musu rabin gemu ya yanke musu riguna har ɗuwawu, da ya ga abin zai zama yaƙi sai ya yi hayar Aramiyawa, wato mutanen Aram. Ka kwafe jerin: Bet-rehob da Zoba mutum 20,000, sarkin Ma'aka da mutum 1,000, Tob mutum 12,000. Yanzu duba kart. Ma'aka na arewa da Geshur, Tob ana sa ta gabas da Urdun ita ma ba nisa, maƙwabta sun fito an biya su, Geshur ba ta cikin jerin. Haka a sura 8 inda Dauda ya buge Hadadezer sarkin Zoba har Aramiyawan Dimashƙu sunka kawo mishi ɗauki, babu Geshur cikin waɗanda anka yaƙa, babu ita cikin masu kawo gandu. Ko a tawayen jikanshi ba a ce Talmai ya aiko da ko mutum guda ba, alhali yaƙin gabas da Urdun anka yi shi, kusa da gida.

Shiru ba hujja ce mai ƙarfi ba, marubuci na iya barin abu don bai dame shi ba. Amma shiru uku a jere, a wuraren da ya kamata sunan ya fito, ya isa ka rubuta da ja cewa siyasar Geshur ita ce a ba da aure, a ba da mafaka, a ƙi shiga yaƙin manya. Alƙaluman rundunonin kuma kada ka ɗauke su kamar ƙidayar gwamnati, 1 Tarihi 19 da ta maimaita labarin karusai 32,000 ta ce, ka ga 20,000 da 12,000 ɗin nan ne anka haɗa amma sun koma karusai. Abin da zai amfane ka cikin lissafin shi ne girman kowa, Ma'aka 1,000 kawai ta iya fiddawa, to Geshur ma ba za ta wuce irin wanga aji da nisa ba.

Sai aya guda da ke ɓata wanga kyakkyawan hoto, 1 Tarihi 2:23, ta ce Geshur da Aram sun ƙwace garuruwan Yayir da Kenat da ƙauyukanta, gari 60, daga hannun Isra'ilawa. Ba ta faɗi yaushe ba. Kada ka ɓoye ta don ta saɓa ma tsarinka, ka sa ta, ka ce zumuncin bai dawwama ba.

Yanzu ɗauko baƙin bik

Arewa da tabkin kaɗan, gabas da inda Urdun ke shigowa, akwai wani tudu da ake ce ma et-Tell. Masanin tonon ƙasa Rami Arav ya fara tono a wurin a 1987, yana neman garin Betsaida ta zamanin Annabi Isa (AS), sai ga shi ƙarƙashinta an ci karo da birni mai ganuwa wanda ya girme ta da ɗaruruwan shekaru. (Ko et-Tell ce Betsaida ko wani wuri da ake ce ma el-Araj a bakin ruwa, wannan gardama ce daban, kada ka bari ta ja ka.) Nemi hoton ƙofar birnin ka kalle shi da kyau. Ƙofa ce mai ɗakuna huɗu, biyu dama biyu hagu, an gina ta da baƙin dutse, cikin ɗakunan an samu hatsi da ya ƙone ƙurmus da kawunan kibau. Daga dama kafin ka shiga akwai ɗan dandamali mai matakala da kwarmin dutse na zuba abin baiko, kuma nan anka samu wani dogon dutse da anka sassaƙa, kan bijimi ne mai ƙahoni sun lanƙwaso kamar jinjirin wata, jikin kamar sanda da hannuwa, da takobi a ɗamara. A farfashe anka same shi anka harhaɗa, yanzu yana gidan tarihi na Isra'ila a Ƙudus. Yawancin masana na danganta shi da bautar wata irin ta Aramiyawa, wasu kuma na cewa Hadad ne gunkin hadari. Duk mai shiga gari sai ya wuce ta gabanshi.

A 2020 kuma hukumar kayan tarihi ta Isra'ila ta sanar da gano wani ƙaramin sansani a Hasfin cikin Golan, bangonshi na manyan baƙaƙen duwatsu kaurin wajen mita ɗaya da rabi, da dutse mai zanen mutum biyu masu ƙaho sun buɗe hannuwa, sunka ce na wajen ƙarni na 11 zuwa na 10 kafin Miladiyya ne. Akwai kuma Tel Hadar da En Gev a gaɓar tabkin ta gabas, a Tel Hadar ma an samu rumbunan hatsi, aikin Moshe Kochavi ne da tawagarshi.

To ga inda za ka yi hattara. Ganuwa da ƙofa da bijimi da hatsi duk baƙin bik ne. Amma jimlar "et-Tell ce babban birnin Geshur" ja ce, ra'ayin Arav ne da waɗanda sunka bi shi, babu rubutun da anka tono a wurin mai ɗauke da sunan Geshur ko na Talmai. Kuma ita ƙofa mai ɗakuna huɗun ta ƙarni na 9 zuwa na 8 kafin Miladiyya ce, bayan zamanin Absalom, akwai wata tsohuwa a ƙarƙashinta. Don haka in ka ga wani ya sa hoton a Facebook ya rubuta ga ƙofar da Absalom ya shiga, ka san ya haɗa kala biyu ne. Kuma tunda ana maganar wuri, ka faɗa ma masu sauraro cewa Golan ƙasar Siriya ce da Isra'ila ta mamaye a 1967, don wani zai tambaya.

Aramiyawa ne ko ba su ba ne

Kowa na cewa masarautar Aramiyawa, har ni na fara da haka, amma ka gwada maganar. Hujjar masu cewa eh ita ce bakin Absalom, Geshur ta Aram, ga kuma dutsen bijimi. Masu ja da baya na cewa 1 Tarihi ta ce Geshur da Aram, kamar abu biyu, kuma sunan Talmai wasu na ganin ba na Aramanci ba ne, na wata tsohuwar al'umma ce da ake ce ma Hurriyawa. Sannan akwai wasiƙun Amarna da anka gano a Masar a 1887, allunan yumɓu na ƙarni na 14 kafin Miladiyya, a wasiƙa mai lamba 256 sarkin wani gari da ake ce ma Fella ya ambaci wata ƙasa Garu da garuruwanta, masanin tarihi Benjamin Mazar ya ce marubucin ne ya tsallake gaɓa guda, Gashuru ya so rubutawa. In ya yi daidai to Geshur ta riga masarautun Aramiyawa kafuwa a yankin, daga baya ne ta rine ta zama tasu. In bai yi daidai ba, shi kenan Garu wata ƙasa ce daban. Gaba ɗaya hujjar a kan harafin da babu shi take tsaye, ka danna jan bik sosai.

Ƙarshenta ba shi da hayaniya. Bayan labarin Absalom sunanta ya ɗauke daga labarin sarakuna, Dimashƙu ta yi ƙarfi musamman zamanin sarkinta Hazayel a ƙarni na 9 kafin Miladiyya, kuma ra'ayin da ya fi yawa shi ne ta haɗiye ƙananan masarautun kudu. Sai Tiglat-filesar na 3 sarkin Assuriya ya zo ya ci Dimashƙu a 732 kafin Miladiyya, kuma wutar da ta ƙone ƙofar et-Tell masu tonon da wanga yaƙi suke danganta ta.

Ranar gabatarwa, ka zana kart a tablo kafin ka buɗe baki, in a fada ne ƙasa da tsinke sun isa. Ka fara da auren, ka bi da gudun Absalom, sannan jerin sura 10, ka bar mutane su gano da kansu wa ya ɓace a ciki, hotunan ƙofa su zo daga baya. Kuma ka shirya ma tambaya guda da ba ta rasa fitowa, wai jinin Talmai ya ƙare da Absalom ne? 2 Tarihi 11:20 da 21 sun ce Rehobowam ɗan Sulemanu ya auri Ma'aka ɗiyar Absalom, ya fi son ta bisa sauran matanshi, ita ta haifi Abaija da ya gaje shi, in haka ne sarakunan Yahuza na baya duk suna da jinin Geshur. Amma kafin ka faɗe ta da ƙarfi ka duba 2 Sama'ila 14:27, ɗiya guda anka lissafa ma Absalom kuma Tamar sunanta, sannan 2 Tarihi 13:2 ta kira uwar Abaija Mikaiya ɗiyar Uriyel na Gibeya. Masu sulhunta ayoyin na cewa jika ce anka kira ɗiya, Tamar ta auri Uriyel ta haife ta. Ka kawo ayoyin ukun gaba ɗaya, sulhun kuma ka rubuta shi da ja.